Taɓaryar Uwani

Da sunan Allah nake farawa, Mai ba da aro, Mai karɓar abinsa ba tare da sallama ba. Shi ya tsirar da ƙirya a daji, Shi ya ba masassaƙi gizago, Shi ya ba yaro dariya, kuma Shi kaɗai ya san inda dariyar take zuwa in ta bar gida. Bayan haka, ni Nomau masassaƙi, mutumin Tungar Zarnu ta bakin kogi, zan ba ku labarin tafiyar da na yi neman abin wasan yara wanda ido bai taɓa gani ba. Karatuna bai wuce abin da zan yi salla da shi ba, saboda haka kada ku nemi ado a maganata. Yadda abin ya faru haka zan faɗa.

'Ya'yana biyu ne, duka mata. Babbar sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa muke ce mata Uwani. Ƙaramar ana tsakar ruwa ta zo, aka ce mata Marka. Na sassaƙa musu ɗan turmi wanda bai wuce gwiwar yaro ba, da taɓare biyu na ƙirya. Ta Uwani na yi mata zobe biyu a wuya, ta Marka zobe ɗaya, don kada a yi faɗa. Duk da haka ana yi. Da safe uwarsu Hansai tana daka a babban turmi, su kuma suna gefe suna dakan ƙasa da busasshen ganye, suna lugude irin na manya: wannan ta buga, waccan ta buga, su jefa taɓarya sama, su tafa, su cafe. In ina aiki a bayan gida, da wannan sautin nake sanin gida lafiya.

Bayan kaka baƙon dauro ya shigo garinmu. Ya kwantar da su biyun a tabarma ɗaya. Marka ta tashi, Uwani ba ta tashi ba.

A garinmu akwai al'ada. Kayan yaron da ya rasu ba sa kaiwa sadakar bakwai a cikin gida. Tsofaffin mata ne ke tattarawa, zane da munduwa da 'yar tsana, su zuba a kogi, wai don kada mamacin ya riƙa waiwayen gida har ya ja ɗan'uwansa. Gwaggona ce ta tattara na Uwani. Ta ɗauki taɓarya mai zobe biyu, ta bar turmin da ɗayar, tunda su ba na mamaciya ba ne. Ba wanda ya ga laifinta, har ni.

Daga ranar Marka ta daina wasa. Sai ta zauna gaban ɗan turmin, ta buga sau ɗaya, ta ɗaga taɓarya, ta tsaya da hannu a sama har hannun ya gaji ya sauko da kansa. Daga baya magana ta ɗauke mata. Daga baya abinci ma sai an yi da gaske. Na yi mata dokin kara, na yi mata gare, na yi mata 'yar tsana mai kitso, ta dube su kamar yadda ake duban bango.

Wata rana Hansai ta same ni a bakin aiki, ta ce, "Baban Marka, yarinyar nan tafiya take yi muna kallo."

Na ce, "Na gani."

"In ka gani, me ka yi?"

Na ce, "Duk abin da na iya na sassaƙa. Ba wanda ba ta sani ba, kuma duk tare da waccan ta san su. Sai dai abin da ba ta taɓa gani ba. Fatake suna zancen wani gari can ƙarshen kogi, Birnin Tagogi, inda ba su da sana'a sai ƙirƙirar kayan wasan yara. Zan je in samo mata."

Hansai ta ce, "In za ka tafi, tafi. Amma kada ka ce don ita ne. Ce gidan ne ya yi maka zafi."

Na ce mata dai kafin ruwa ya sauka na dawo. Na rataya gizagona, na shiga kwalekwale.

Na yi ta bin ruwa, na wuce garuruwan da na sani, na wuce waɗanda nake jin sunansu, na shiga waɗanda ba su da suna a bakinmu. Can kogin ya yi faɗi, ya yi sanyi, ya daina gudu, har ya ajiye ni a wata gaɓa. Na zaci tsakuwa ce shimfiɗe a wurin. Da na sauka sai na ga ba tsakuwa ba ce. 'Yan tsana ne, da ƙananan takalma, da kacau-kacau, da layu, da ludayin koko wanda bai kai tafin hannu ba, iya ganin ido. Duk abin da garuruwan bakin kogi suka zuba, nan yake tsayawa.

Wata tsohuwa tana tafe a duƙe tana tsincewa tana shanyawa a rana. Na gaishe ta, ta ce sunanta Iya Gwamma. Ta dubi hannuna, ta dubi gizagona, ta shiga cikin tarin kayan ta yi ta tono, sai ga ta da taɓarya mai zobe biyu.

Ta ce, "Wannan sassaƙarka ce, ɗan nan. Hannun mutum ba ya ɓuya."

Na zauna a ƙasa.

Ta ce, "Turmin fa?"

Na ce, "Yana gida."

"Ɗayar taɓaryar fa?"

"Tana hannun ƙanwarta."

Ta nuna mini inda na fito da haɓarta, ta ce, "To, ga kwalekwale, ga ruwa."

Na ce, "Iya, ba wannan na fito nema ba. Wannan ai ita ce ciwon. Sabon abu nake nema."

Ta yi dariya, ba haƙori ko ɗaya a bakin. Ta ce, "Haka duk kuke cewa. Ka san tun da nake nan maza kaɗai ke zuwa? Ban taɓa ganin mace ba."

Na ce, "Me ya sa?"

Ta ce, "Su suna can suna ɗora tukunya."

Na sa taɓaryar cikin riga don tunawa, na bar kwalekwale a wurinta, na yanki tudu.

Tsakanin gaɓar nan da Birnin Tagogi akwai wani fili da ake ce wa Filin Guguwa, ba itace ba ciyawa. Mu a gida in mun ga guguwa mukan ce aljani ne ke wucewa. To, a can na gane 'ya'yan aljanu ne, kuma nan ne dandalinsu. Ban yi nisa ba suka kewaye ni, ƙanana da matsakaita, suna shewa. Ɗaya ta sure ni ta jefa wa ɗaya, wannan ta cafe ta jefa wa waccan. Suna cewa, "Mun sami ɗan tsana mai gemu!" Na ga ƙasusuwan waɗanda suka riga ni a warwatse, na san ba mugunta suke yi ba, wasa ne, kuma ba su san abin wasa yana karyewa ba.

Da suka ajiye ni don su yi gardamar wa zai fara cire mini hannu, na ce, "Iyayen gidana, wannan wasan ai tsoho ne. Kun iya ɓuya?"

Suka ce ba su iya ba.

Na ce, "Ku kwanta ku rufe ido, ni in ɓuya. Kada kowa ya tashi sai inuwarsa ta fi shi tsawo, sannan ku nemo ni. Wanda ya fara ganina, ni nasa ne."

Suka zube ƙasa suna ƙyalƙyata dariya, filin ya yi tsit. Guguwa in ta kwanta ba ta da inuwa, sai da rana ta yi nisa suka gane haka. Ni kuwa na cire takalmi na ba ƙafa iska. Ina jin muryoyinsu a bayana can nesa suna kira, "Mai gemu, ka ɓuya? Mu zo?"

Birnin Tagogi kuwa sunansa ya bi shi. Gidajensu dogaye ne kamar giginya, kowane da ƙananan tagogi jere har sama, kuma a kowace taga akwai fuskar yaro guda ɗaya. Na ratsa kasuwa, na ratsa lunguna, ban ga yaro ko ɗaya a ƙasa ba. Ba mai gare, ba mai langa, ba 'yan mata a dandali. Daga baya na ji dalili. Wai a zamanin baya annoba ta bi yaran garin ta wurin wasa, ta kwashe fiye da rabi. Iyayen da suka rage suka yi rantsuwa yaro ba zai ƙara taɓa yaro ba sai ya girma. Kowane aka ba shi ɗakinsa da tagarsa. To, yaron da ke zaune shi kaɗai sai da abin da zai ɗauke masa hankali, shi ya sa kayan wasa suka zama abincin garin.

Aka kai ni Zauren Tunani, inda masu ƙirƙira suke zama. Shugabansu shi ne Magajin Zaure Barmo, dogon tsoho mai magana a hankali. Ya duba gizagona, ya ce in zauna. Nan take wani maƙeri mai suna Jatau ya zo ya ɗaura mini munduwar tagulla mai ƙararrawa a ƙafa.

Na ce, "Wannan fa?"

Jatau ya ce, "Ado ne, baƙo. Irin adon da ake yi wa akuya mai yawo." Ya ɗaga ƙafarsa na ga tasa. "Ni na ƙera su, ni na fara sawa. Wanda ya shiga zauren nan ba ya barin garin, kada ya kai wa wasu dabararmu. Amma tuwon akwai nama."

Ban damu ba a lokacin. Na ce a raina in na sami abin da nake nema, hanya ba za ta gagara ba.

Ga yadda suke aikinsu. Da safe a zauna a kewaye wata babbar ƙwarya. Wannan zaman shi suke ce wa shuka. Akwai caki da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu. Duk wanda ya zo hannunsa sai ya girgiza, kuma kafin ƙarar ta mutu sai ya faɗi wani abin wasa, ko da wauta ce, ya jefa ƙwallon tsamiya a ƙwarya. Muddin caki yana zagayawa, haramun ne wani ya ce ba ya yiwuwa. Wanda ya faɗa, shi zai share zaure. Bayan azahar kuma sai a yi sheƙa, a zubar da ƙaiƙayi, a ɗauki tsaba, a hau aiki.

Ranar farko na ji abin da kunnena bai taɓa ji ba. Jatau ya girgiza ya ce, "Kazar ƙarfe, in an murɗa wuyanta ta yi ƙwai."

Wani baduku ya ce, "Ƙwan me?"

"Ƙwan gidanku. Na ƙarfe mana, shi ma ya ƙyanƙyashe wata kazar."

Badukun ya karɓa ya ce, "Jemagen fata, ya zagaya ɗaki ya dawo ya sauka a kafaɗa."

Wata maginiyar tukwane ta ce, "'Yar tsana mai fushi. In an manta da ita ta juya baya, sai an lallashe ta."

Jatau ya ce, "Wannan ai matata ce, an riga an yi."

Aka yi dariya, caki ya iso hannuna. Na rasa abin faɗa, na ce, "Tsuntsun itace da ke kiran sunan mai shi." Magaji ya gyaɗa kai. Da la'asar tsuntsuna yana cikin tsaba.

Abin da ya sa duk wannan yake yiwuwa, suna da wani yumɓu da suke haƙowa a bayan gari. In ka shafa shi a jikin abu ka hura masa numfashinka, sai abin ya motsa, ya yi ta motsi har faɗuwar rana. Na sassaƙa tsuntsu, aka shafa, na hura. Ya buɗe baki. An so ya kira sunan yaron da za a kai wa, amma da yake numfashina ne, sai ya ce, "Marka." Jatau ya ce, "Wace ce?" Na ce ba kowa. Aka kankare yumɓun, wani ya sake hurawa.

Da safe aka ja shi da igiya zuwa wata taga. Yaron ya yi murna da shi har hantsi. Kafin la'asar ya wurgo shi ƙasa. Haka suke yi da kowane abu. Kowace safiya masu shara suna bi ta ƙarƙashin tagogi da amalanke suna kwashewa, su kai kan ganuwa su tura waje. Tarin ya yi tudu har ya kusa kai ganuwar tsawo. Jujin Gundura suke ce masa.

Na ce a raina: ga ma'auni na samu. Ranar da na yi abin da yaron taga zai kwana da shi ya tashi da shi, wannan shi zan kai wa Marka. Na duƙufa. Na yi kada mai hawaye, na yi jirgin ruwa da ke tafiya a busasshiyar ƙasa, na yi ganga mai kaɗa kanta, na yi ɗan kasuwa na itace wanda ake ciniki da shi yana rantsuwa. Ɗan kasuwan nan ya kusa, sai da ya kai magariba. Kowane na ce saura kaɗan. Ruwa ya sauka ya ɗauke, ya sauka ya ɗauke, ban ƙirga ba. A zauren nan gobe kullum tana da sabon abu, kuma mai jiran gobe ba ya jin tafiyar shekara. Wata rana na duƙa kan ƙwaryar ruwa zan wanke fuska, na ga wani mai furfura yana kallona.

A ranar ne caki ya zo hannuna kaina ba komai. Na girgiza, ƙarar tana mutuwa, sai hannuna ya kai cikin riga. Na fito da taɓaryar Uwani na ajiye. Na ce, "Ɗan turmi, da taɓare biyu. Wannan ta buga, waccan ta buga."

Badukun ya fara dariya, Magaji Barmo ya ɗaga hannu. Shi da kansa ya karya dokar zaure, ya soki shawara caki bai gama zagaye ba.

Ya ce, "Ɗauke abarka, Nomau. Irin wannan muka bari. Ina da 'ya'ya biyu a da, suna da irinsa. Abin da sai yaro biyu ke yi, in ɗaya ya tafi, ɗayan zai buga, ya ɗaga hannu, ya yi ta jiran bugun da ba zai zo ba. Na ga wannan da idona. Ba na son wani uba ya gani."

Sai na ga Marka a gabana, hannu a sama.

Na ce, "Ranka ya daɗe, to mene ne maganinsa?"

Jatau ne ya ce, "Magani kuma? Wani ya ɗauki ɗayar taɓaryar ya buga mata mana. Ko jaki ya san wannan." Ya faɗa ne don a yi dariya. Da ya dubi fuskata, ya dubi furfurata, ya dubi zoben da ke wuyan taɓaryar, sai ya sunkuyar da kai. Magaji ya tashi ya ɗauki tsintsiya, ya share zaure da hannunsa.

Na nemi izinin tafiya, aka hana. Na roƙa, aka ce doka ce. Sai na koma shuka kamar kowa. Da caki ya zo na ce, "Raƙumin itace, babba, wanda yaro zai hau ya zagaya ɗaki." Ya shiga tsaba. Na sassaƙa shi da kaina, na rarake cikinsa fiye da yadda ake bukata, na yi masa murfi a ƙarƙashin sirdi. Na shafa yumɓu a waje, na shafa a ciki ma. Jatau yana kallona, sai ya zo da kakin zuma ya duƙa ya toshe mini ƙararrawar ƙafata.

Na ce, "Cikin zai ɗauki mutum biyu in an matsa."

Ya ce, "Ni wa zan koma wa? 'Ya'yana duka biyun kogi ya karɓi kayansu. Tafi, kafin in ce maka jaki karo na biyu."

Ban yi shakkar yaran tagogi ba, kuma ba su ba ni kunya ba. Aka kai wa wani yaro raƙumi, kafin la'asar an sauko da shi. Da safe, kafin masu shara su iso, na shige cikinsa na ja murfi. Suka ɗora a amalanke suna tsine wa wanda ya yi shi don nauyi. Suka tura ni daga kan ganuwa. Na gangara kan Jujin Gundura ina birgima a kan aikin hannuna na shekaru, haƙorina biyu suka zube a hanya. Da na tsaya, na sa baki a yumɓun ciki na hura. Raƙumi ya miƙe.

Shi ya ratsa da ni Filin Guguwa. Ina leƙe ta wata 'yar kafa. Guguwar nan suna nan, sun girma, sun zama manyan guguwa masu kai wa sama, amma ba sa shewa. Suna tafe a hankali suna ɗaga duwatsu suna leƙawa. Ɗaya ta matso kusa da raƙumin ta ce, "Kai, ba ka ga wani mai gemu ba? Ya ce mu nemo shi." Na riƙe numfashina har muka wuce.

Kowace safiya ina hurawa, har yumɓun ya tsage ya zube, raƙumi ya durƙusa a gaɓar Iya Gwamma bai ƙara tashi ba. Ban ko gaishe ta ba. Na faɗa cikin tarin kayan ina tono da hannu biyu, ina neman taɓarya mai zobe ɗaya, ina roƙon Allah kada in samu.

Ta ce, "Bar wahalar da kanka, ɗan nan. Ba ta zo ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ta ce, "Kayan yara kaɗai ake kawo mini. Na manya ban san labarinsu ba."

Kwalekwalena ya daɗe da ruɓewa. Na bi gaɓa da ƙafa.

Na iske gidana ba jinka, tumfafiya ta fito a inda Hansai ke ɗora tukunya. Maƙwabta suka nuna mini wani gida a gabas da gari. Na yi sallama. Ana daka a ciki, aka tsaya. Wata mace ta fito da goyo a baya, doguwa, da goshin Hansai. Ta shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, ta kawo ruwa, ta durƙusa.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Na ce, "Marka, ni ne."

Ta ce, "Na sani."

Muryarta ke nan da ban ji ba tun kafin in bar gida. Na ce, "Innarki fa?"

"Ta daɗe da rasuwa. Dakau ta yi ta yi wa mutane don mu ci, har ƙirjinta ya gaza."

Na sa hannu cikin riga na fito da taɓaryar, na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa. Ba ta wuce tsawon damtsenta ba. Ta shafa zoben biyu da babban yatsa, ta daɗe.

Ta ce, "Ba ka daɗe da tafiya ba, Inna ta gaji da kallona. Ta ɗauko muciya ta zauna gabana. Na buga, ta buga. A ranar na ci tuwo." Ta ɗago ta dube ni. "Wannan a ina ka same ta?"

Na ce, "A ƙarshen kogi."

"A tafiya, ko a dawowa?"

Da na iya ƙarya da na yi. Na ce, "A tafiya."

Ta gyaɗa kai. Ta ajiye taɓaryar a kan tabarma kusa da gwiwata, a hankali, kamar yadda ake mayar wa mai talla kayan da ba za a saya ba. Ta ce, "Bari in ƙarasa dakana, kada rana ta yi."

Mijinta mutumin kirki ne. Ya ba ni bukka a jikin dangar gidansu, ana miƙo mini tuwo safe da yamma, ba a taɓa fashi ba. Jikokina suna ce mini tsohon bukka. Na ce zan sassaƙa musu abin wasa, uwarsu ta ce suna da shi.

Kowace safiya ina jin dakanta ta bayan danga. Ita kaɗai take yi, amma har yau in ta buga takan ɗan dakata kafin ta sake, kamar mai bar wa wani wuri. Ban san ranar da na fara ba, na dai sami kaina ina ɗaukar taɓaryar Uwani ina buga ƙasa a cikin wannan tazarar. Ta buga, in buga. Ba ta taɓa cewa komai ba, ban kuma san ko tana ji ba.

Kwanan baya zazzaɓi ya kwantar da ni, ban iya tashi ba. Na ji ta buga, ta tsaya. Ta sake bugawa, ta tsaya, ta daɗe. Sai na ji takunta har bakin danga.

Ta ce, "Lafiya kuwa? Yau ban ji ka ba, Malam."

Nan labarina ya tsaya. Wanda ya ji, in ya yi salla ya sa Hansai da Uwani a addu'a. Ni ya bar ni, ina da abin bugawa gobe.